Ranar da Babanki Ya Sha Faɗa Saboda Idona

Zuwa ga autata Bintu,

Da sunan Allah na fara. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Yamai lafiya, ƙafa ba ta kumbura da zaman mota ba, kwalaben humrar da na cusa miki a jaka kuma ba su fashe ba. In kin buɗe jakar ƙamshi ya buge ki kafin ki ga takardar, to sun fashe, ki yi haƙuri, aƙalla za ki shiga gidan telebijin ɗin nan kowa ya san 'yar Barebarin Damagaram ta iso. Ki gaishe mini da Gwaggonki Hadiza da mutanen gidanta. Allah ya sa ki fara aikin karanta labaran nan a sa'a, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutum.

Labarin gida ba ni da shi, jiya-jiya kika bar shi. Na zaɓi rubutu ne don na san halinki. In na zaunar da ke, sai ki yi dariyar nan taki, ki ce "Kai, Inna!", ki miƙe wai za ki duba tukunya. Takarda kuwa ba a guje mata da duba tukunya.

Kwanan nan kin yi ta tambayata: "Inna, wai aikin nan da aka yi miki a ƙasan ido, da zafi? Wata ƙawata ce ke son ta sani." Auta, a kasuwa na tsufa. Mace ta zo rumfata ta ɗaga kwalbar turare ta shinshina, ta ce maƙwabciyarta ce ta aiko ta, ni na san ita ce maƙwabciyar. Kuma na gan ki a madubin rumfa, kin sa yatsu biyu kin ja fatar ƙasan idonki zuwa wajen kunne, kin karkata kai kina kallo. Na san wannan jan, ni na kawo shi gidan nan. Sannan kika ce ƙawar taki ta ji labarin wata madam a Yamai mai yin allura da ɗan yanka a ɗakin bayan shagon gyaran gashi, ba bin layi, ba yawan tambaya. To ki ce wa ƙawar taki ta gyara zama. Abin da nake tsoro ke nan, kada ta kai idonta ɗakin nan alhali uwarta na can Damagaram ba ta gani.

Ba wa'azi zan yi miki ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na yi nadama ba. Ina son idona yadda yake yanzu, kullum da safe sai na gaishe shi a madubi. Amma hanyar da na bi na iso nan, jaki ma da zai fi ni dabara. Kina lakwal, makarantar kwana, lokacin, labarin ta bakin babanki kika ji shi, shi kuwa in yana ba da labari sai ya tsame gishirin duka.

Bayan na wuce hamsin ne abin ya fito sosai. Ƙulli biyu a ƙasan ido, kamar ƙullin barkono, fatar kuma ta saki ta zubo. In na yi barci har na ƙoshi, na ci na sha, ina cikin farin cikina, sai mai saye ya dube ni ya ce, "Hajiya, jiki ne?" Wata rana wata tsohuwar mai sayen kayana daga Garagumsa ta shigo rumfa, ta dubi fuskata, ta ajiye kwandonta, ta ɗaga hannu ta fara yi mini ta'aziyya. Har ta shafa fatiha sannan ta ce, "Af, wa ya rasu ne?" Na ce, "Ƙuruciyata ce, Baba, jiya aka kai ta." Muka yi dariya har da hawaye, amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai.

Wautata ta farko, shafe-shafe. Kin san Hajiya Rabi Bakanuwa, maƙwabciyata a kasuwa mai man shafawa. Ta kawo mini wani ɗan gwangwani mai rubutun da ko babanki, da duk shekarunsa na mushe, wato malamin makaranta, bai iya karantawa ba. Ta ce yana gyara ƙasan ido, yana kashe ƙuraje, yana goge tabo, har kaushin ƙafa yana yi. Ni da bakina na sha faɗa wa amare irin wannan magana a kan kayana, amma na karɓa na shafa. Ya ƙone ni, fatar ta yi ja ta saɓule, ƙullin nan kuwa suna nan daram, sai ma ƙyalli da suka ƙara. Na bi da yankan dankali, na bi da ganyen shayi mai sanyi, na kwanta da su a fuska kamar tukunyar da ake shirin ɗorawa. Babanki ya leƙo ya ce, "Hajiya, in kawo albasa ne?"

Ki riƙe wannan: duk abin da aka ce miki yana maganin komai, mai sayar da shi kawai yake yi wa magani. Ki yarda da ni, sana'ata ce.

Daga baya, a wata tafiya sari Kano, na je wani asibitin ido na ga wata likita. Mace ce, ba ta da yawan fara'a. Ta yi mini tambayoyi kamar jandarma a kan iyaka: ciwon suga, maganin da nake sha, ko idona na bushewa, ko jinina na saurin tsayawa in na yanke. Ta auna tansiyo, wato hawan jini, ta ce ya hau, in koma gida in sha magani ya sauka, sannan mu yi magana. Raina ya ɓaci. Tun da nake, ban taɓa ganin mai kaya ya kori mai saye ba. Sai a mota, muna hanyar dawowa, na ce wa kaina: Falmata, ke da kin kori mai saye sau nawa a rayuwarki? Sai wanda kika san kayan zai cuce shi, kuma kina jin tsoron Allah ranar.

Da na koma tansiyo ya daidaita, ta ce da ni, "Hajiya, kitse ne ya turo, zan rage shi, in ɗan ɗebe fatar da ta saki. Amma ki ji da kyau, ba zan mai da ke budurwa ba. Duhun nan kuma na gado ne, yana nan." Ta faɗa mini abin da ka iya faruwa in an samu matsala, ba ta ɓoye ba, har sai da na ji kamar in ɗauki jakata in fita. Na ce, "Likita, ke kam da kasuwa kike, da yunwa ta kashe ki." Sai ranar na ga haƙoranta.

Don haka, Auta, wanda bai iya ce miki "a'a" ba, kada ki ba shi fuskarki. Mai gaskiya yana tambaya har ki gaji. Madam ɗin da ba ta tambaya, ba sauƙi ta yi miki ba, ba ta san abin da za ta tambaya ba ne.

Aikin kansa bai kai yadda nake tsoro ba. Allurar kashe zafi ce ta ɗan cije ni, sauran sai motsi nake ji sama-sama. Babbar wautar tawa ba a asibiti na yi ta ba, tun daga gida na ƙulla ta. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Tsohuwa da jikoki, a ce ta tafi gyaran fuska? Babanki kaɗai na faɗa wa, kuma na sa shi ya rantse ba zai gaya wa ko inuwarsa ba. Kowa na ce masa sari na tafi.

Abin da ban lissafa ba shi ne kamannin da zan dawo da su. Likita ta faɗa mini za a yi kumburi da taruwar jini, na ji da kunne ɗaya. Ana cire zare na kamo hanya, don lokacin bukukuwa ya matso, ba na son amare su koma rumfar wata. Na iso gida idona biyu sun yi baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi, gefe kuma rawaya, kamar atamfar da ta zuba. Na sayi wani ƙaton baƙin tabarau na toshe. Ina kwana da matasai a tare a ƙarƙashin kai, ina ɗora ƙanƙara cikin tsumma, salla ma a zaune nake yi don an hana ni sunkuyawa. Kwalli kuwa, ni mai sayar da kwalli, an ce in manta da shi tukuna.

An ce in huta, in guji hayaƙi. Ni kuma me nake sayarwa? Turaren wuta. Na kasa zama, na fita kasuwa tun ban warke ba. Wata ta ce in ɗan ɗora mata a garwashi ta ji ƙamshin, na ɗora, hayaƙin ya shige ƙarƙashin tabarau, hawaye suka ɓalle. Na ɗaga tabarau kaɗan don in goge. Daidai nan Hajiya Rabi ta leƙo.

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta dafa ƙirji ta ce, "Innalillahi! Allah ya isa, Hajiya. Shiru-shirun nan dai ba banza ba." Ta juya.

Kafin la'asar labari ya gama kasuwar Dole, washegari ya shiga unguwar Birni ya fita ta Zango. An ce ban je Kano ba sam, ai ga shi ban dawo da kayan kirki ba. An ce Mushe Abba ne ya rufe ni a ɗaki ya yi mini wannan aika-aika. Babanki fa! Mutumin da in akuya ta shigo gida ta ci masa tsaba, haƙuri yake ba ta kafin ya kore ta. A masallaci aka fara amsa masa gaisuwa da hanci. Mai shayin bakin titi, wanda babanki ne ya koya masa karatu, sai ya sallami kowa sannan ya miƙa masa kofi ba tare da ya dube shi ba. Ya dawo gida ya ce, "Hajiya, garin nan wani abu na damun mutane." Ni na riga na ji ƙishin-ƙishin, amma na ce a raina kwana kaɗan ne, baƙin zai washe, magana ta mutu. Kin ji lissafin mai wayo.

Ranan nan da hantsi sai ga sallama a zaure. Kawunki Bukar ne daga Damagaram Takaya, da dattijai biyu na danginmu, ƙafarsu duk taɓon gona. Tsakiyar damina fa, lokacin da ko gobara aka ce masa ana yi a birni sai ya gama noma zai zo. Babanki ya shimfiɗa musu tabarma, ya kawo ruwa. Kawunki ya ture kwanon. Ni ina bayan labule, tabarau a fuska.

Ya ce, "Mushe, ba ruwa ya kawo mu ba. Da muka ba ka Falmata, da ido biyu lafiyayyu muka ba ka ita."

Babanki ya ce, "Haka ne, Yaya."

"To me ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Wallahi ban taɓa ta ba."

"In ba kai ba ne, wa ya taɓa ta?"

Babanki ya dubi labule, ya dubi ƙasa, ya gyara hula. Ya ce, "Na yi rantsuwa ba zan faɗa ba."

Auta, da ya ce shi ya yi, da abin ya fi sauƙi. Ɗaya dattijon ya shiga salati. Kawunki ya tashi tsaye, ya ce, "Kun ji ko? Har rantsuwa ake yi a kai! Na san bakinta, na san ta iya tsokana, tun tana ƙarama ni ma na sha. Amma mu ba a dukan mata a gidanmu. Kai da ka koyar da 'ya'yan mutane! Falmata! Fito ki tattara kayanki, yau a Takaya za ki kwana."

Babanki ya sunkuyar da kai. Na hango shi ta ramin labule, gumi na bin wuyansa, ana shirin ɗauke masa mata da mutunci gaba ɗaya, shi kuwa yana riƙe da rantsuwar da na ɗora masa a kan fatar ido. Na daɗe ina auren mutumin nan, amma ranar na san wanda nake aure.

Na fito, na durƙusa, na cire tabarau. Na ce, "Yaya, ka zauna. Likita ce ta yi, a Kano. Ni na kai kaina." Na ja musu bayani tun daga ta'aziyyar matar Garagumsa har zuwa cire zare. Kawunki ya matso, ya sunkuya, ya ƙura wa fuskata ido kamar mai duba haƙorin raƙumi a kasuwa.

Ya ce, "Tsaya in gane. Wato ke da ƙafarki kika shiga mota, kika ƙetare iyaka, kika roƙa a yi miki wannan dukan?"

Na ce, "Zai washe, Yaya."

"Na bar ciyawa na cin gerona saboda kwalliya?"

Ɗaya dattijon ne ya fara fashewa, sai ɗayan, sai kawunki ya zube kan tabarma yana dariya yana dukan cinya. Ya jawo kwanon ruwan da ya ture ya shanye. Ya kama hannun babanki ya ce, "Mushe, ka yafe mini. Ashe kai za mu zo mu ɗauke, ba ita ba." Babanki ya ce, "Ba komai, Yaya. Za ku ci tuwo ko shinkafa?"

Da za su tafi, kawunki ya tsaya a bakin ƙofa ya sake dubana, dariyar ta ɗan ja baya. Ya ce, "Idon Innarmu ne fa kika kai aka rage." Wannan ta taɓa ni, ba zan ɓoye miki ba. Amma na ce masa, "Yaya, naka na nan, in na yi kewarta sai in zo Takaya in kalle ka." Ya ce in tafi can, marar kunya.

Saura wanke sunan babanki. Washegari na ajiye tabarau a gida, na sa shi gaba, muka bi kasuwa layi-layi, ina nuna fuskata ina bayani kamar mai tallar maganin gargajiya. Abin da na ɓoye don kada mutum goma su sani, sai da na sanar da Damagaram duka da bakina. Hajiya Rabi ta aiko wa babanki da kwanon alkaki na ban-haƙuri, mai shayi ya koma ba shi kofin farko. Da fuskar ta washe kuwa, tsohuwar nan ta Garagumsa ta zo ta wuce rumfata tana tambayar maƙwabta ina hajiyar nan mai fuskar makoki ta koma. Sannan mata suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, su sayi kwalli ɗan kaɗan, su sassauta murya su ce, "Hajiya, wai da zafi? Wata ƙawata ce ke tambaya." Har da Rabi.

Ga abin da na tsinta a ciki. Duk abin da za ki yi wa jikinki, in sai kin ɓoye shi ga masu son ki, to dakata tukuna. Ɓoyon ba ke kaɗai za ki ɗauke shi ba, wani bawan Allah ne zai ɗaukar miki, kuma ba kowa ne babanki ba. Sannan ki lura da ɗaya gefen, wanda har yau in na tuna sai in ji daɗi: ƙarya ce aka kai wa kawunki, amma ya bar gonarsa ya zo. Da gaskiya ce ma haka zai zo. In wata rana, Allah ya kiyaye, wani ya ɗaga miki hannu, kada ki sa tabarau ki yi shiru. Kina da mutanen da ke barin gero.

Akwai wata da ba ta dariya ba ce. Cikin matan nan masu tambaya, wata 'yar garin Droum ba ta bi shawarata ba, ta ce asibiti da nisa da wahala, ta je inda aka yi mata a ɗaki. An ɗebe fata fiye da kima. Yanzu fatar ƙasan idonta ɗaya ta ja ƙasa, jan ciki a waje, hawaye na zuba ko tana dariya. Tana yawon asibiti ana neman gyarawa. In ta zo rumfa ba na iya ɗora mata turare a wuta. Atamfa in tela ya ɓata, a sayi wata. Wannan fatar kuwa ba a sarinta ko a Kano.

Yanzu ke. Na kalli fuskarki tun ranar da aka miƙo mini ke, na fi madubi saninta. Abin da kike ja da yatsu ba irin nawa ba ne. Nawa shekaru ne suka tara shi, da haihuwa, da hayaƙin rumfa. Naki idon gidan su babanki ne, dubi Gwaggonki Hadiza da kyau ki gani, sai kuma salular nan da ke hana ki barci. Ranar da kika yi barcin kirki fuskarki sumul take tashi. Mutanen telebijin sun gan ki da wannan idon suka ɗauke ki, don muryarki da yadda kike karatu ba gargada. In wani a can ya ce fuskarki na son gyara, ki dubi tasa da kyau, ki kira ni ki ba ni labari mu yi dariya.

Alkawari ɗaya nake nema. Ba allura, ba wuƙa kusa da idonki, sai kin faɗa mini da babanki a fili, kuma sai likitan ido na gaske, a asibiti na gaske, ya duba ya yi miki tambayoyin nan masu gajiyarwa. In shekaru sun kai ki inda suka kai ni, kika ga kina so, ba zan hana ki ba. In ina da rai ni zan raka ki, ina dogara sanda. Amma kafin mu shiga mota sai mun sanar da mijinki, da danginsa, da kawunnanki, da Hajiya Rabi, don ita in ta ji an gama.

Na karanta wa babanki takardar nan kafin in naɗe. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya gyara mini kalma biyu, halin mushe. Na ce ko yana da saƙo. Ya ce, "Ki gaya mata na riga na sha faɗa a kan ido biyu. Ba ni da ƙarfin sha a kan ido huɗu."

Ki duba aljihun gefen jakarki, tabarau ɗin nan na ciki. Na ba ki, an ce ranar Yamai ba ta da kunya. Na rana ne kawai. Ranar da labari ya iso mini cewa an gan ki da shi a cikin ɗaki, kawunki Bukar ya ce in gaya miki ya san hanyar tasha, kuma bana ya gama noma da wuri.

In kin huta ki kira ni, ki faɗa mini abin da ƙawar taki ta yanke. Ki ce mata ina gaishe ta, kuma idonta ya yi mini kyau tun ranar da ta fara buɗe shi.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya ba ki barci mai daɗi da harshe mai gaskiya, ya dawo mana da ke lafiya da fuskar da muka sani. Amin.

Innarki,
Falmata mai turare, Damagaram